Kurakuran da masu tara takardun kuɗin Afirka suka fi yi

Ɓarnar farko daga hannun mai tarawa take fitowa. Mutum zai samu tsohuwar naira ashirin mai hoton Murtala, wadda ta fara fita a 1977, ya ga ta yamutse, sai ya ɗauko dutsen guga. Guga tana kwantar da tudun tawadar da yatsa ke ji, kuma masu saye suna ganewa nan take. In ta leda ce, irin naira 5 zuwa 50 na yanzu, narkewa za ta yi. Wanki, liƙi da salatif, ɗauri da roba, duk rage mata daraja suke yi. A bar ta yadda aka same ta, a sa ta a kwance cikin leda marar PVC (wani nau'in roba mai lalata takarda), nesa da rana da laimar damina.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na ajami. Sau da yawa na ji ana cewa Larabci ne aka rubuta a jikin naira, har da masu zaton aya ce. Hausa ce tsantsa, adadin kuɗin kawai take faɗa: naira ɗari biyu, naira dubu. An sa ta ne don mutanen da suka yi karatun allo ba su shiga boko ba, su ma su san abin da ke hannunsu. A 2007 aka cire ajamin daga ƙananan takardu, a 2014 kuma naira ɗari ta cikar Najeriya shekara ɗari ta fito babu shi. Don haka in ka ga naira hamsin mai ajami, ka adana ta da kyau, ba a ƙara buga irinta.

Wasu kuma fuskar gaba kawai suke kallo. Juya naira ashirin ta yanzu, Ladi Kwali ce, Bagwariya mai ginin tukwane da ta yi aiki a Suleja. A bayan ɗari biyu ta Sardauna akwai dalar gyaɗa da shanu.

Sefar Afirka ta Yamma ma ana yi mata kuɗin goro, wai duk ɗaya ce. Akwai harafi a jikin lambarta da ke nuna ƙasa: H Nijar, K Senegal, A Kwaddibuwa. Kifin da ke tambarin babban bankin da ke buga sefar kuwa siffar ma'aunin zinare ne na mutanen Akan na Ghana da Kwaddibuwa.

Sai takardar dala tiriliyan 100 ta Zimbabuwe, mai ɗauke da shekarar 2008 da duwatsun Chiremba da suka hau kan juna. Jabunta ya cika intanet. Kada ka biya sai ka riƙe ta a hannu, ka duba alamomin tsaronta a haske, ka kwatanta ta da wadda aka tabbatar ta gaske ce.