Darasi na Tara: Yadda Ake Gane Halin Babbar Lamba

Ku rubuta 27,720 a littattafanku, wato dubu ashirin da bakwai da ɗari bakwai da ashirin. A ce ribar da ƙungiyar mata ta samu ke nan daga cinikin man gyaɗa a kasuwar Sabon Gari, ana kuma son sanin ko mutum nawa za su iya raba ta daidai wa daida.

Ana fara duba ƙarshen lamba. Tunda sifili ne a ƙarshenta, cika ce, ba mara ba, kuma za ta rabu gida 2 da 5 da 10. Idan aka tara 2 da 7 da 7 da 2 da 0 za a sami 18, kuma tunda 18 tana rabuwa gida 9, ita ma babbar lambar tana rabuwa gida 9 da gida 3. Don gwajin 8, alƙaluma ukun ƙarshe kaɗai ake dubawa: 720 takwas ce sau 90. Ita 7 ba ta da gajeriyar hanya mai sauƙi, gara a yi rabawar, a sami 3,960. Gida 11 kuwa 2,520 ne.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan lamba shi ne, ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 har zuwa 12 ba ragowa. Dalilin yana cikin tubalan da aka gina ta da su: 2 sau 2 sau 2, sau 3 sau 3, sau 5, sau 7, sau 11. Kowane ɗayansu ba ya rabuwa sai da 1 da kuma kansa, shi ya sa za mu kira su lambobi ƙi-rabo. Daga haɗa su ne ake samun lambobi 96 da ke raba 27,720. Wanda ya taɓa zama gaban malami a birnin Zazzau ana rabon gado zai ga amfanin haka nan take, domin sumuninta 3,465 ne, sudusi 4,620, sulusi 9,240, babu kwabon da ya karye.

Yanzu a ƙara naira ɗaya, ta zama 27,721. Duk lambar da aka gwada daga 2 zuwa 12, ɗaya zai yi saura. A nan ne mai koyo yakan yi saurin cewa ƙi-rabo ce, kuma wannan kuskure ne babba da ya kamata a kiyaye, domin 13 da 17 ba su raba ta, amma 19 tana raba ta, a sami 1,459. Ba a yanke wa lamba hukunci sai an gwada duk ƙi-rabon da idan aka ninka shi da kansa bai wuce ta ba.

Aikin gida: ku bi waɗannan matakai a kan 5,040, ku gano lamba ta farko da ta kasa raba ta.