Darasi na 7: Gasa Kek Ɗin Cakulan a Dogon Gwangwani

Kek ɗin da za mu koya a wannan darasi ba mai ado ba ne. Ba a shafa masa kirim, ba a yi masa hawa biyu. A dogon gwangwani irin na burodi ake gasa shi, idan ya huce a yayyanka. Mun zaɓe shi ne domin babu kek ɗin da ya kai shi koya wa mutum awo, kuma wanda ya iya shi ba zai sha wuyar sauran ba.

Tun ƙarni na 18 ake yin irinsa a Ingila. A lokacin, laba ɗaya ta bota ake ɗauka, laba ɗaya ta sukari, laba ɗaya ta ƙwai, laba ɗaya ta fulawa. Laba ɗaya giram 454 ce, kun ga ke nan kwaɓin ya tasam ma kilo biyu, ya fi ƙarfin gwangwani guda. Mu ƙa'idar kawai za mu ɗauka: abubuwa huɗu, nauyinsu daidai wa daida. Ko wanda bai iya karatu ba yana iya riƙe wannan a ka, shi ya sa girkin ya daɗe bai ɓace ba.

Ku fara da auna ƙwai

Ƙwai ba girmansu ɗaya ba, saboda haka daga kansu ake farawa. Ku ɗora kwano a kan sikeli, ku mayar da lambar sifili, ku fasa ƙwai huɗu a ciki, ku karanta abin da sikelin ya nuna. Manyan ƙwai huɗu sukan ba da kamar giram 200. Idan naku sun ba da 180, to 180 ita ce lambarku ta yau. Ku rubuta ta a takarda, ku auna sauran kaya da ita.

Ga kayan haɗi idan ƙwai sun ba da giram 200:

ƙwai, giram 200
bota, giram 200
sukari, giram 200
fulawa, giram 160
garin koko na cakulan, giram 40
madara mai zafi, babban cokali 6
bakin hoda, ƙaramin cokali 1
gishiri, rabin ƙaramin cokali
filebo na fanila, ƙaramin cokali 1, in ana so

Ku lura da fulawa da garin koko. 160 a tara da 40 sun tashi 200. Garin kokon cinye wurin fulawa yake yi, ba ƙari ne a kanta ba. Wanda ya bar fulawa a 200 ya kuma zuba koko a kai, kek ɗinsa zai fito a bushe, yana maƙale wa mutum a wuya.

Masu auna fulawa da kofi suna cewa hakan ya fi sauƙi. Sauƙi kam akwai, sai dai kofin da aka danna fulawa a cikinsa da wanda aka zuba ta sako-sako ba nauyinsu ɗaya ba, bambancin yakan kai giram 30 ko fiye. A wannan kek ɗin, giram 30 ba abin wasa ba ne. In da hali, sikeli ya fi.

Garin koko

Wanda ake nufi shi ne zallan garin, mai ɗaci a baki, wanda ba a haɗa shi da sukari da madara ba. Garin cakulan na sha ba zai yi ba, domin yawancinsa sukari ne. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa kafin ku auna.

Iri biyu ne. Akwai mai hasken launi da ɗan tsami, akwai mai duhu wanda aka kashe masa tsamin ta hanyar da iyalan Van Houten na ƙasar Holan suka fito da ita a ƙarni na 19. Tunda bakin hoda muke sawa, kowanne kuka samu zai yi. Mai duhun ya fi ba da launi.

Garin koko yana da shan ruwa fiye da fulawa, dalilin madarar ke nan. Ku zuba masa madarar da zafinta, ku dama har ya zama kauri sumul babu gudaji. Zafin ne ke fito da ƙamshinsa, nan take za ku ji ɗakin ya ɗauka. Ku ajiye shi gefe ya huce sarai. Idan aka zuba shi da zafi a kwaɓi, narkar da botar zai yi.

Bugun bota da sukari

A nan aikin yake, don haka za mu ɗan daɗe.

A zamanin da, mutane ba su da bakin hoda, domin sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka ƙirƙiro ta. To me ke tayar musu da kek? Iska. Idan ana buga bota da sukari, ƙwayoyin sukarin suna huda botar suna barin 'yan ƙananan ramuka, iska na shiga ciki ta zauna. A cikin obin zafi yana kumbura wannan iska, kek ya tashi. Bakin hodar da muke sawa yanzu ƙara wa waɗannan ramuka girma take yi. Idan ba a yi su tun a wajen bugu ba, ba ta da abin da za ta kumbura sosai.

Wannan ya sa yanayin botar yake da muhimmanci. Ku danna ta da yatsa. Idan yatsan ya shiga ba da ƙarfi ba, ya bar gurbi, botar kuma ba ta rushe ba, ta yi daidai. Idan tana ƙyalli tana tsatsar mai, ta yi laushi da yawa, ku mayar da ita firji na minti goma. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, daskararriya kuma ba ta buguwa. Masu ma'aunin zafi su nemi digiri 18 zuwa 20.

Ku zuba bota da sukari a babban kwano ku yi ta bugu. Da na'ura, minti 4 zuwa 5. Da cokalin katako, minti 10 ko fiye, kuma hannu zai gaji, babu makawa. Kada ku duba agogo kaɗai, ku duba cikin kwanon. Da farko haɗin rawaya ne, mai nauyi, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin cokali. Sannu a hankali launin yana kodewa har ya kusa zama fari, yawansa ya ƙaru, ya riƙa manne wa gefen kwano da laushi kamar auduga. Sai ya kai haka ake tsayawa. Yawancin masu koyo a rabin hanya suke ajiye cokali, sannan su ɗora laifin a kan obin.

Sai ƙwai. Ku kaɗa su, ku riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, kamar sau huɗu ko biyar. Kowane zubi sai an buga ya ɓace kafin a ƙara wani. Kada ƙwan ya kasance mai sanyin firji, domin zai daskarar da botar. Wani lokaci za ku ga kwaɓin ya tsinke, ya yi gutsi-gutsi, ruwa na kwance a gefe. Kada hankalinku ya tashi. Ku ɗebi cokali ɗaya daga fulawar da kuka auna ku zuba, ku ci gaba da bugu, zai haɗe. Daga nan ku sa kokon da ya huce, da filebo, ku juya har launin ya zama ɗaya.

Ku tankaɗe fulawa da bakin hoda da gishiri tare, ku zuba a kashi biyu. Daga wannan gaɓa an daina bugu. Juyawa ce a hankali, daga ƙasan kwano zuwa sama, da zarar farin fulawa ya ɓace a dakata. Fulawa idan ta jiƙe aka yi ta juya ta, danƙo take yi. Danƙon nan ake nema a burodi, amma a kek tauri yake kawowa.

Gashi

Tun kafin ku fara bugu ya kamata ku kunna obin, ku sa shi a digiri 165. Idan mai fanka ne a ciki, ku rage zuwa 150. Gwangwanin ya kasance mai tsawon kamar santimita 23 da faɗin 13. Ku shafa masa bota, ku shimfiɗa takardar gashi ta ɗan zarce bakinsa, don ku sami abin kamawa wajen ciro kek ɗin. Ku juye kwaɓin, ku daidaita samansa da bayan cokali. Kada ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfin gwangwani.

Ku ajiye shi a tsakiyar obin. Zai ɗauki minti 55 zuwa 65. Wutar ta yi ƙasa da ta ƙananan kek, kuma da gangan ne: kwaɓin yana da zurfi, zafi yana daɗewa kafin ya kai tsakiya. Idan aka cika wuta, gefe ya ƙone, ciki yana ɗanye. Kada ku buɗe ƙofa kafin minti 40, iska mai sanyi tana iya sa tsakiyar ta lotsa.

Za ku ga saman ya tsage a tsaye. Ba aibi ba ne, haka wannan kek yake. Saman ne ke riga bushewa, cikin kuma yana ci gaba da tashi, sai ya fasa ya fito. Mai son tsagin ya miƙe sai ya ja layi da wuƙa mai ɗan bota a tsakiyar kwaɓin kafin ya sa a wuta.

Kek ɗin cakulan yana da wuyar ganewa da ido, tunda dama can duhu ne, ba za a ga ya yi ja ba. Tsinke ne zai gaya muku gaskiya. Ku soka shi cikin tsagin har ƙasa. Idan ya fito da ɗanyen kwaɓi, ku ƙara minti biyar. Idan ya fito da 'yan ɓurɓushi masu laushi, ku sauke. Kada ku jira sai ya fito fes, domin kek yana ci gaba da nuna da zafin jikinsa bayan an fitar da shi. Idan saman ya fara duhu da yawa alhali cikin bai nuna ba, ku yafa masa takardar alminiyom.

Ku bar shi minti 15 a gwangwani, sannan ku ciro shi ya sha iska har ya huce. Yanka shi da zafi yana sa ya farfashe. Idan ya huce ku naɗe shi da kyau kada iska ta shiga. Washegari ya fi daɗi, domin laimar ta ratsa ko'ina, ɗanɗanon kokon ya zauna. Yana kwana uku zuwa huɗu a rufe ba tare da firji ba idan wurin ba zafi. Firji busar da shi yake yi, gara firiza, inda zai yi wata biyu zuwa uku.

Aikin aji

1. Ƙwai uku sun ba da giram 150. Giram nawa na bota za a auna? Na sukari fa?
2. Garin koko kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin ƙwai. Idan ƙwai giram 150 ne, nawa ne kokon, nawa ya rage na fulawa?
3. An sa kek a obin da ƙarfe 4:10 na yamma. Ƙarfe nawa za a iya buɗe ƙofa a karon farko? Ƙarfe nawa za a soka tsinke idan an jira minti 55?
4. Ku karanta sakin layin da ya yi bayanin bugun bota da sukari da babbar murya. Sannan kowa ya rubuta jimla biyu a littafinsa kan yadda haɗin yake canzawa daga farkon bugu zuwa ƙarshe.
5. Wani ya yanka kek ɗinsa ya tarar da wani layi mai nauyi da danshi a can ƙasa, saman kuma bai tashi sosai ba. Ku tattauna da na kusa da ku: a wane mataki kuke jin aikin ya ɓaci?