Doguwar tafiya a keke cikin bazara: kurakuran da ke mayar da mutum gida tun daga Tashar Yari, a hanyar Zariya zuwa Kano

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Zariya kan kai digiri 38 zuwa 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Duk da haka ba a rasa matasan da ke ɗaure jaka a bayan keke su ce sai Kano, ko Funtuwa, ko ma Jos. Abin sha'awa ne. Sai dai da yawansu a ranar farko suke karaya, a ɗora su da kekensu a bayan a-kori-kura.

Babban abin da ke kayar da su shi ne lokacin tashi. Mutum ya tsaya shan shayi, ya biya wurin mai faci, ya yi sallama da abokai a Kwangila, kafin ya hau titi tara ta yi. Ya riga ya zubar da sa'o'i uku mafi daraja a yinin. A bazara ana idar da sallar Asuba ake shiri, gari na wayewa a kama hanya, sha ɗaya na yi a nemi inuwa, kada a sake taka feda sai bayan La'asar. Keke mai kaya ba ya wuce kilomita 15 a sa'a a ƙafar sabon shiga, kuma daga Zariya zuwa Kano kilomita 150 ne da ɗoriya. Ka ba ta kwana biyu ko uku. Mai cewa zai cinye ta a yini guda cikin Afrilu, cika baki ne kawai.

Sai ruwa, inda kusan kowa ke tuntuɓe. Wasu sai ƙishi ya kama su suke sha, alhali a irin wannan rana mai tuƙa keke na iya zubar da lita guda ta gumi cikin sa'a ɗaya. Ka riƙa kurɓa duk bayan minti 15 zuwa 20. Wasu kuma sukan ɗirki fiya wata leda bayan leda ba tare da cin komai ba, sai ƙafa ta riƙe, kai ya sara, domin gumi da gishiri yake fita. Maganin yana kowane gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayi ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari, a kemis. Ƙuli-ƙuli, dabino, kankana da fura da nono sun fi lemon kwalba amfani a hanya. Kuma ka riƙa duba fitsarinka. In ya yi ja, ruwan da kake sha bai isa ba.

In abokin tafiya ya fara layi, ko yana magana ba kan gado, tafiya ta ƙare. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti. Kada a ce "bari ya ɗan huta mu gani".

Akwai kuma masu fita ba tare da jiki ya saba ba. Sabo da aiki cikin zafi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka ka fara da Samaru zuwa Shika da dawowa, sannan Giwa, kana ƙara nisa da kayan da za ka ɗauka. A nan ne ma za ka gane ko sirdinka zai zaunu, don gumi da gugar wando kan saluɓe fatar cinya.

Keken kansa zafi na taɓa shi. Iska na kumbura cikin taya, tsohon faci na saki a kan kwalta mai zafi. Kada ka cika iska har ƙarshe, ka sa sabbin tayoyi, ka riƙe famfo da kayan faci naka. Tufa ta zama fara, mara nauyi, mai dogon hannu, da hular kwano.

Gudun rana kan sa wasu tafiyar dare. A titin da tireloli da tankoki ke cinkoso, ga halin tsaro, wannan ganganci ne. Tun kafin ka bar gida ka san garin da za ka kwana, ka isa kafin Magariba, musamman daga ƙarshen Afrilu, lokacin da hadarin farkon damina ke tasowa da yamma da iska mai ƙarfi.