Yadda manhajar Python ke gano wanda ya kira wani aiki a cikinta

Wanda ya rubuta ƙaramar manhaja da Python domin lissafin shago, a ce na ɗan kasuwar da ke sayar da wake da gyaɗa a Kasuwar Dole ta Damagaram, yakan tarar da aiki guda (function, wato guntun umarni mai suna da ake kira ya yi wani abu), misali `rage_kaya`, ana kiransa daga wurare da dama: wajen sayarwa, wajen ba da bashi, da wajen gyaran lissafin ƙarshen wata. Ranar da adadin buhuna ya sauka ƙasa da sifili, sanin cewa `rage_kaya` ne ya rage su ba zai wadatar ba, domin abin da ake nema shi ne wanda ya kira shi, daga wane fayil, kuma a wane layi. Python tana riƙe da wannan bayani a abin da za mu kira tarin kira, kuma ta bai wa manhaja damar leƙa shi tana cikin gudana.

Duk lokacin da aka kira wani aiki, Python takan buɗe masa firam, wato wurin da take ajiye sunansa, da layin da ya kai, da ƙimomin da yake amfani da su. Ana ɗora firam kan firam kamar buhunan da aka jibge a sito, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Tarin yana da iyaka, wadda a bisa al'ada 1000 ce, kuma aikin da ya yi ta kiran kansa har ya wuce ta zai tsaya da kuskuren `RecursionError`.

Hanya mafi sauƙi ita ce kundin `inspect`, wanda yake cikin Python tun fitowar 2.1 a shekarar 2001, saboda haka ba sai an sauko da komai daga intanet ba:

```
import inspect

def rage_kaya(suna, adadi):
    mai_kira = inspect.stack()[1]
    print(mai_kira.function, mai_kira.filename, mai_kira.lineno)
```

Lamba 0 a jerin ita ce aikin da ake ciki, lamba 1 wanda ya kira shi, lamba 2 wanda ya kira mai kiran, haka har zuwa tushen manhajar, inda sunan da zai bayyana shi ne `<module>`. A nan ake yawan ruɗewa, domin kundin `traceback` yana jera nasa ne akasin haka: `traceback.print_stack()` yana fara wa da kira mafi daɗewa ya ƙare da na yanzu, kamar saƙon kuskuren da aka saba gani. Haka kuma idan an lulluɓe `rage_kaya` da wani aiki ta alamar @, lamba 1 za ta nuna mai lulluɓin ne, sai an hau zuwa 2 kafin a iske mai kiran na ainihi. Duk wanda ke rubuta bayanin manhajarsa ya kamata ya faɗi wannan ƙarara, ya rubuta matakin da ya zaɓa da dalilin zaɓarsa, domin wanda zai gaji aikin bayansa ba zai gane hakan daga lambar kaɗai ba.

`inspect.stack()` yana da nauyi, saboda yana buɗe fayilolin manhajar domin ya karanto layin kowane firam. A shagon da ake sayarwa jefi-jefi ba za a ji komai ba, amma a cikin madauki mai juyawa sau dubbai, musamman kan tsohuwar kwamfuta irin wadda ɗalibai da dama ke koyo da ita, jinkirin zai fito fili. Ana rage shi da `inspect.stack(0)`, wanda ke hana karanto layukan. Wanda ya fi wannan sauri shi ne `sys._getframe(1)`, mai miƙo firam ɗin mai kira kai tsaye, inda ake samun suna a `f_code.co_name`, layi a `f_lineno`, ƙimomi a `f_locals`, sannan `f_back` ya kai mutum mataki ɗaya baya. Sai dai ƴar sandar (_) da ke farkon sunansa gargaɗi ce cewa na amfanin cikin gida ne; na CPython ne, wato nau'in Python da aka fi amfani da shi, ba lalle a same shi a kowane nau'in Python ba.

Akwai kuma hatsarin ajiye firam. Idan aiki ya riƙe nasa firam a cikin ƙimominsa, sun riƙe juna ke nan, kuma duk abin da ke ciki zai daɗe a ƙwaƙwalwar kwamfuta fiye da yadda ya kamata. Maganinsa shi ne a ciro suna da lambar layi, sannan a goge firam ɗin da `del` a cikin `finally`.

A ganina, ga lissafin shago yawanci ba a ma bukatar taɓa firam da hannu. Kundin `logging` yana iya rubuta sunan aiki da lambar layi tare da kowane saƙo, kuma tun Python 3.8 ana iya ba shi `stacklevel=2` domin ya rubuta na mai kiran a maimakon na aikin da ake ciki, yayin da `stack_info=True` ke zuba tarin gaba ɗaya. A tura saƙonnin cikin fayil tare da kwanan wata da sunan kayan da adadin da aka rage, domin abin da aka buga a allo kawai yakan ɓace da zarar an ɗauke wuta. Idan kuwa manhajar ta daskare ne ba tare da wani kuskure ba, `faulthandler.dump_traceback_later(30)` zai fitar da tarin kira bayan daƙiƙa 30, ya nuna layin da ta maƙale.