Kurakuran da iyaye ke tafkawa wajen rage ƙibar yara

Na gaji da jin tambaya ɗaya daga bakin iyaye: "Me zan hana yaron nan ci ya rame?" Daga jin tambayar ka san an ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa. Ni ma ita na bi da farko, kuma na sha wuya.

Babban kuskuren shi ne sa yaro a tsarin rage cin abinci irin na manya, a haɗa da gori. Ɗana na biyu yana shekara 9 lokacin da na ga ciki ya fara fitowa. Sai na raba masa kwano daban, rabin na 'yan'uwansa, kullum ina cewa "kai ka isa haka, dubi cikinka." Na ɗauka tarbiyya nake yi. Bayan wata uku ina gyara ɗakinsu sai na ɗaga katifa, na tarar da ledojin biskit da na alewa sun fi ashirin. Yaron ya koma ci a ɓoye, ya daina zama da mu lokacin cin abinci, ko riga ba ya son cirewa a gaban ƙannensa. Nauyin kuwa ko gezau. Wallahi ranar na ji kunyar kaina.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yaro yana girma. A yawancin lokuta ana so ne nauyinsa ya tsaya ko ya ƙaru a hankali, tsawonsa kuma ya kamo shi. Sikelin manya ba ya gaya maka komai a kan yaro. Likita ne ke auna nauyi da tsawo ya kwatanta da jadawalin girma na shekarunsa da jinsinsa. Don haka ku daina yanke hukunci da ido! Abin da na koma yi shi ne: ni nake zaɓar abin da za a dafa da lokacin ci, shi kuma yake yanke nawa zai ci. Kowa a gida abinci ɗaya. Kalmar "ƙiba" na haramta ta a bakin kowa, har da kakarsa, duk da mun ɗan yi sa-in-sa a kai.

Kuskure na biyu ya ɗauke ni shekara guda kafin na farga, wato abin sha. Na cire lemon kwalba na maye gurbinsa da ruwan 'ya'yan itace na kwali, ina ta alfahari. Ashe canjin kwano ne kawai. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, kamar ƙaramin cokali takwas zuwa tara, kuma ruwan 'ya'yan itace ba ya nesa da haka. Idan yaro ya ci lemu ɗanye, harza tana cika masa ciki, ya ƙoshi da wuri. Idan aka matse aka tace, sukarin ne ya saura, ya shanye cikin minti ɗaya yana neman ƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa, har da na ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana. A gidana yanzu ruwa ne a kan tebur, abin sha mai zaƙi sai ranar biki.

Sauran kuma a taƙaice. Kada ku tilasta yaro ya cinye kwano. Kuna koya masa ya yi watsi da ƙoshinsa ne. Kada ku ce "in ka ci ganye zan ba ka alewa," don kun gaya masa ganye azaba ne, alewa lada. In ya ƙi sabon abinci sau biyu, kada ku fid da rai; yara kan buƙaci a gabatar musu da abu sau goma ko fiye kafin su karɓa. Cin abinci gaban talabijin ko waya kuwa, ba ya ma sanin ya ƙoshi.

Barci ma ana raina shi. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a dare, kuma wanda bai samu isasshen barci ba yana tashi da yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Motsa jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 a kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Amma don Allah kada ku tura yaro ya yi ta zagaye gida da gudu ku kuna zaune kuna latsa waya, kamar ana hukunta shi. Na gwada, kwana huɗu ya yi ya ƙi. Abin da ya yi aiki a wurinmu shi ne ƙwallo da yamma, ni da shi da ƙannensa, ni ne mai tsaron gida. Har yau shi yake zuwa ya ja ni daga kan kujera, ni nake haki kafin shi.