Yadda jami'in hulɗa da jama'a zai yi rajista da NIPR, ya kuma riƙe ta

Da yawa daga cikin masu magana da yawun ma'aikatu, jami'o'i da kamfanoni sun shigo aikin ne ta ƙofar jarida: an ɗauko mutum daga gidan rediyo, an ba shi ofis, an ce kai ne kakakinmu. Iya rubutu da iya magana jari ne babba, amma doka na neman abin da ya fi haka. Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, wato NIPR, an kafa ta a 1963 bisa jagorancin Sam Epelle, ta kuma samu ikon hukuma da Doka ta 16 ta ranar 1 ga Yuni, 1990, wadda yanzu take babi na N114 a kundin dokokin tarayya na 2004. Wannan doka ta ɗora mata ajiye rajistar masu sana'ar, ta kuma haramta yin aikin ba tare da rajista ba.

Fara da reshen jihar da kake aiki. Hedikwata tana Abuja, amma 'yan reshe ne za su san ka, su ne kuma za su tsaya maka shaida. Ka nemi sakataren reshe, ka tambayi ranar taronsu, ka halarta ko sau biyu kafin ka cike fom. A nan za ka ji kuɗin rajista na wannan shekarar, don yana canzawa, kuma adadin da abokinka ya biya bara ba lallai ne shi za ka biya ba.

Sai takardu, inda yawancin masu nema ke tuntuɓe. Ka tanadi kwafin takardun karatunka, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar kama aiki, tarihin aikinka a rubuce, da hotunan fasfo. Ka shimfiɗa su a tebur ka duba sunanka a kowace ɗaya, harafi bayan harafi. Idan takardar sakandare ta ce Muhammad Sani Bello, digiri ya ce Mohammed S. Bello, to ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kafin a dawo maka da fom ɗinka. Matan da suka koma amfani da sunan miji su haɗa da shaidar canjin suna.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓuya. Mutum ya shekara bakwai yana rubuta sanarwar manema labarai, yana shirya taron 'yan jarida, yana amsa ƙorafin jama'a, amma takardar kama aikinsa ta ce jami'in mulki ne. Masu tantancewa takarda suke gani, ba guminka ba. Ka roƙi shugaban ma'aikatarka wasiƙa mai hatimi da ta fayyace ranar da aka tura ka sashen da ayyukan da kake yi, ka liƙa misalai uku ko huɗu na aikinka: sanarwa da jarida ta buga, mujallar cikin gida, tsarin wani taro da ka jagoranta.

Matakan zama mamba hawa-hawa ne. Akwai na ɗalibi, akwai na wanda ya gama karatu, sannan matakai uku masu haruffan da ake sawa bayan suna: ANIPR, sai MNIPR, sai FNIPR wanda shi ne ƙololuwa. Karatunka da shekarun aikinka ne ke yanke inda za a ajiye ka. Wanda bai karanci fannin ko makamancinsa ba, cibiyar na da jarrabawarta ta satifiket da difloma. Kada ka buga haruffan a katinka kafin a rantsar da kai. A sana'ar da amana ce jarinta, wannan abin kunya ne da ba ya wankuwa da sauƙi.

Wajen biya, asusun cibiya ko na reshe kawai za ka tura wa kuɗi, ba asusun wani mutum ba, ko da kuwa jami'i ne kuma ka yarda da shi. Ka rubuta cikakken sunanka da dalilin biyan, ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa a waya, ka adana na takarda a fayil guda.

Ranar rantsarwa ba ita ce ƙarshen magana ba. Akwai kuɗin shekara na uwar cibiya, akwai kuma na reshe, kuma mutane kan biya ɗaya su ɗauka sun gama. Wanda ya bari bashi ya taru, ranar da ya zo neman ƙarin mataki ko jefa ƙuri'a sai a buɗe masa littafi. Zaɓen majalisar gudanarwa duk shekara biyu ake yi, kuma mai ƙuri'a shi ne wanda ya biya. Ta wannan hanya Malam Mukhtar Sirajo ya shugabanci cibiyar, Dakta Ike Neliaku ya gaje shi a 2023. Haka kuma bitar ƙara wa juna sani wajibi ce ga mamba. Duk wadda ka halarta, ka karɓi takardar shaidarta, don ita za a nema idan ka tashi hawa daga ANIPR zuwa MNIPR.

Labarin cibiya, kamar ranar jarrabawa, babban taron shekara ko wa'adin biyan kuɗi, yakan iso ta imel da zauren WhatsApp na reshe. Idan ka canza lamba, ka sanar da sakatare a ranar. Sanarwar da aka turo daga wani zaure ba sa hannu, musamman mai ɗauke da lambar asusu, ka tabbatar da ita a bakin sakatare kafin ka motsa. Idan aka yi maka canjin aiki daga Kano zuwa Kaduna, ka biya abin da tsohon reshe ke bin ka, ka karɓi wasiƙar sallama, ka kai wa sabon.

Wanda kuma ke shirin buɗe kamfanin ba da shawara, rajistarsa ta ƙashin kansa ba ta wadatar da kamfanin ba. Kamfanonin suna da ƙungiyarsu, PRCAN, kuma can zai nufa da takardun rajistar kamfani bayan ya kammala tasa da NIPR.