Kama da Wane Ba Ta Wane: Kurakuran Sabbin Masoya Tsofaffin Motocin Gudu

Na gaji da ganin sabon shiga ya hango tsohuwar mota mai ƙofa biyu, ya karanta tambarin da ke bayanta, ya fara rantsuwa cewa ya san ko wace ce. Tambari fa ƙarfe ne ɗan mitsitsi, a minti biyar ake cire shi a manna wani. Ni wannan kuskuren ya taɓa cinye mini ajiyar shekaru, don haka a yi mini uzuri in na ɗaga murya.

Porsche ce, fara, ƙirar 1969, an rubuta 911 a murfin injinta. Na buɗe bayan, inda injinta yake, na ƙirga silinda shida, na ji ƙarar nan ta injin da iska ke sanyayawa, hankalina ya tashi. Dillalin yana ta zuba, ni kuwa ban ko leƙa but ɗin gaba ba, inda aka buga lambar shasi kusa da tankin mai. Bayan wata uku wani dattijon bakanike ya goge wurin da tsumma, ya haska tocila, ya ce, "Yaro, 912 ka saya." Lambar da 129 ta fara, alhali 911 ta wannan shekarar da 119 take farawa. Ita 912 jikinsu ɗaya da 911, sai dai kamfani da injin silinda huɗu na tsohuwar Porsche 356 ya fitar da ita, daga 1965 zuwa 1969. Wani ne can baya ya dasa mata injin shida ya sauya tambari, ni kuma na biya kuɗin wata motar. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Tun daga nan ba na gaisawa da mota sai na ga lambarta. Na shasi, na inji, na giya, in rubuta a takarda, in gwada da abin da kamfani ya fitar a shekarar. Kada kuma ka ce lambar ta yi gajarta don ba ta kai haruffa da lambobi 17 kamar ta motocin yanzu ba. Wannan tsarin sai 1981 ya kankama, kafin nan kowane kamfani da nasa salon. In mai mota ya fara hanya-hanya da ka nemi ganin lamba, sa takalminka ka tafi.

Wannan cutar ta kama-da-wane ta fi yawa a motar AC Cobra. Waɗanda Carroll Shelby ya haɗa daga 1962 zuwa 1967, jikin AC na Ingila da injin Ford V8, ba su wuce dubu ɗaya ko kusa da haka ba, jikinsu alminiyam, lambarsu da CSX take farawa. Yawancin waɗanda za ka gani kwaikwayo ne na faiba. Ba laifi ba ne a so su, ni ma suna burge ni, amma a kira su da sunansu. Haka Porsche 356 Speedster da ake ɗorawa a kan shasin Beetle.

Kuskure na biyu shi ne fenti. Wallahi sheƙi yana makantar da mutane! Ka ga mutum yana shafa bonet kamar ya ga amarya, bai durƙusa ko sau ɗaya ba. Na taɓa ɗaukar wata MGB ja, fenti kamar ka lasa, ashe kitso aka yi da ƙwarƙwata. Ranar da muka sa jak, ƙarfen ƙasan ƙofa ya lotsa kamar biskit, tsatsa na zuba, har da tsohuwar jarida da aka cusa aka shafe. A MGB da Jaguar E-Type wannan ƙarfen shi ke riƙe motar, in ya ruɓe ƙofofi ma daina rufuwa suke yi. Yanzu kullum da ƙaramin maganaɗisu nake yawo, naɗe a hankici don kada ya karce fenti. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an yi ciko. Amma kada ka kai shi jikin Corvette ka ce ka kama ɓarawo, ita tun 1953 da faiba ake yin ta.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Mercedes 190 SL ba 300 SL ba ce: ta farkon silinda huɗu, ta biyun shida, ita 300 SL mai ƙofofin da ke ɗagawa sama kuwa guda 1,400 kacal aka yi tsakanin 1954 da 1957. E-Type ta farko, wadda ta fito a 1961, fitilunta na gaba suna cikin gilashi, na baya a saman bamba. In ka ga na baya a ƙarƙashin bamba, daga 1968 ne zuwa sama. Corvette mai gilashin baya rabe biyu 1963 ce kawai. MGB mai baƙar bambar roba ba ta gabaci 1974 ba.

Ku kuma masu jingina da motar mutane don ɗaukar hoto, ƙarfen bel ɗinku yana karce fenti. Ku tambaya tukuna. Mai tsohuwar mota, in ka ce masa "Alhaji, a buɗe mana injin mu gani," sai ka rasa yadda za ka yi ka tsayar da hirar.